Yadda zaka sayi sabuwar mota idan ka tarar mitarta ta riga ta ci kilomita a hannun dila

Babu sabuwar motar da zaka tarar mitarta na kan sifiri cif, ko da kai ne mutum na farko da ya cire mata leda. Tun a masana'anta sai an tada ita an gwada, a tuƙa ta zuwa filin ajiya, a hau da ita jirgin ruwa, a sauko da ita a tashar jirgin ruwa ta Tin Can ko Apapa a Legas, sannan dila ya yi nashi binciken kafin ya miƙa maka makulli. Saboda haka idan ka ga kilomita 10 ko 30 ko 50, wannan ba abin tada jijiyar wuya bane, haka suke zuwa. Matsalar tana farawa ne idan an ce maka mota sabuwa ce dal, kuɗin sabuwa ake nema, amma ka leƙa ka ga 400, ko 1,300, ko ma 4,000. Mu nan Katsina wannan ya fi shafarmu fiye da mutumin Legas, don daga Legas zuwa nan tafiyar ta haura kilomita 1,000, kuma ba kowane dila bane yake biyan tirela ta ɗauko mota, wasu direba kawai suke ba wa makulli ya taso da ita. Ko daga Kano aka kawo ta, ta Bichi da Tsanyawa da Kankiya, kusan kilomita 170 ta hau kai kenan.

Abin da nake so ka riƙe tun daga farko shine lambar da ke kan mita ita kaɗai bata gaya maka komai ba sai ka san ta yaya aka tara ta, wa ya tuƙa, kuma mi takarda ta ce. Mota mai 1,200 da aka tuƙo a hankali kuma garantinta bai fara ƙirga ba ta fi min mota mai 300 da yaran fili suka riƙa zuwa cefane da ita. Ga yadda zaka bi.

Farko dai ka karanta mitar da kanka, kada ka tsaya daga waje a karanto maka. Ka shiga ka zauna a kujerar direba, ka kunna, ka duba allon da ke bayan sitiyari. Akwai lambobi iri biyu ko uku da allon yake nunawa, akwai wanda aka rubuta ODO, shine jimlar tafiyar motar tun daga haihuwarta, sannan akwai Trip A da Trip B waɗanda kowa zai iya mayar da su sifiri da danna maɓalli ɗaya. Mutane da yawa suna ganin 12 a kan Trip su ɗauka ita ce mitar. Ka danna har ODO ya fito. Sannan ka duba harafin da ke gefen lambar, km ne ko mi, wato mil. Motar da aka ƙera don kasuwar Amurka da mil take lissafi, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne, wato idan ka ga 800 a mil to kusan kilomita 1,290 kenan. Ka ɗauki hoton allon da wayarka nan take, ranar da lokacin zasu zauna a jikin hoton, zai maka amfani idan ka dawo ɗauka bayan kwana uku ka tarar lambar ta ƙaru.

Daga nan sai tambaya, kuma ka yi ta cikin mutunci, ba sai an yi faɗa ba. Kace, Alhaji ranka ya daɗe, na ga ta ci dubu da ɗari biyu, a ƙasa aka kawo ta ko a tirela? Dila mai gaskiya zai gaya maka kai tsaye. Amsoshin basa wuce huɗu. Ko dai tuƙo ta aka yi daga Legas ko Abuja ko Kaduna ko Kano, ko kuma ita ce motar gwaji da ake ba masu saye su zaga da ita, wadda suke kira demo, ko mai wajen ko manajansa ne ya ɗan hau ta na wasu watanni, ko kuma, wanda ya fi kowanne muni, an taɓa sayar da ita mai ita ya dawo da ita. Duk amsar da ya baka ka auna ta da lambar. Idan yace daga Legas aka tuƙo ta kuma mita na nuna 1,200, magana ta hau. Idan yace daga Kano aka kawo amma mita na nuna 2,500, sai ka tambayi ina sauran suka fito. In ya fara kame-kame yana ce maka ai Malam duk haka suke zuwa, to ka san da sauran magana a ƙasa.

Bari in daɗe a kan wadda aka tuƙo a ƙasa, don ita ce aka fi samu a wajenmu kuma mutane suna ɗaukarta ba komai ba. Sabon inji yana da ƙa'ida a tafiyarsa ta farko. Idan ka buɗe littafin da ke zuwa da mota, na Toyota misali, zaka ga sun ce a kilomita 300 na farko a guji taka birki da ƙarfi farat ɗaya, sannan a cikin kilomita 1,000 na farko kada a yi gudun wuce sa'a, kada a riƙa fizgar mota, kada kuma a daɗe ana tafiya a kan gudu ɗaya ba canji. To direban da aka biya kuɗin kawo mota daga Legas shi burinsa ya iso da wuri ya koma ya ɗauko wata, ba littafi zai tsaya karantawa ba, kuma ramukan hanya da tsakuwar da manyan motoci ke watsowa duk ita zata sha. Ba ina cewa kowace mota da aka tuƙo ta lalace bane, injinan yanzu suna da juriya, amma waɗannan kilomitocin sune mafi daraja a rayuwar motar kuma wani ne ya ci su ba kai ba, saboda haka dole ya fito a farashi. Idan kuma motar bata iso ba tukuna, odarta ka bayar, to tun kafin ka biya kafin alƙalami ka faɗa a rubuta cewa a tirela kake so a kawo ta, ko da zaka cika kuɗin ɗauko. In ba haka ba gara ka je da kanka ko ka tura direban da ka yarda da shi.

Mataki na gaba shine ka bar mita ka tambayi jikin motar, don mitar zamani ana iya mayar da ita baya da kwamfuta cikin ɗan lokaci, amma jiki ba ya ɓoye tafiya. Ka je da rana tsaka ko da hantsi, kada ka yarda a nuna maka mota bayan magariba a ƙarƙashin fitila, kuma ka je da bakanikenka wanda kai zaka sallame shi, ba wanda dillali ya kawo ba. Ka durƙusa gaban taya. Sabuwar taya tana da ɗan gashi-gashin roba a samanta, wani lokaci har da layukan fenti masu launi da suka zagaye ta, waɗannan suna gogewa da zarar an yi 'yar tafiya mai nisa. Idan mita tace 25 amma saman taya sumul yake ba gashi ko ɗaya kuma tsakuwa ta maƙale a cikin zanen, wani abu bai daidaita ba. Ka kwatanta da safayar da ke cikin but. A gefen kowace taya kuma akwai rubutu da ya fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshe sune sati da shekarar da aka ƙera ta, idan ka ga 2324 to sati na 23 ne na shekarar 2024. Tayoyi huɗun su zama kamfani ɗaya kuma kwanakinsu kusa da juna, in ɗaya ta fita daban to an canza ta, sai ka tambayi mi ya sami ta asali, wataƙila rami ta daka a hanya, kuma in rami ne har ya fasa taya sai a duba rim da ƙafar motar ta wannan gefen.

Ka zo gaba ka duba bamba da goshin bonet da gilashin gaba a kusa sosai, ƙananan ɗigo-ɗigon da tsakuwa ke yi a fenti zaka gansu idan ka karkata kai rana ta haska. Ka leƙa ta cikin ragar gaba ka haska da tocilar waya, motar da ta yi tafiyar dare a babban titi zaka ga matattun ƙwari sun manne a jikin lagireto, masu wanki basa kaiwa can. Ka sa bakanike ya buɗe gidan filtar iska ya zaro ta, sabuwa fara ce tas, wadda ta sha ƙurar hanya ko ta hunturu ba sai an gaya maka ba. A zaro sandar baƙin mai a goga a farin tsumma, na sabuwar mota garai-garai yake kamar man gyaɗa. Ka sa yatsa a bakin salansa ka ga ko baƙin hayaƙi ya taru. Ka duba robar birki da ta totur, da gefen kujerar direba inda ake goga jiki wajen shiga da fita, ka ga ko sun fara gogewa.

Akwai wata dabara da ba kowa ke tunawa da ita ba. Ka kunna allon rediyo ka shiga wajen Bluetooth ka ga jerin wayoyin da aka taɓa haɗawa. Idan ka tarar da sunayen wayoyi uku huɗu, tashoshin rediyo an riga an jera su, to mota ta yi zaman gida a hannun wani, ba fili kawai ta tsaya ba. Leda a kan kujera kuwa kada ta ruɗe ka, leda ana sayenta a sake naɗawa.

Sai fenti. Motar gwaji ko wadda aka tuƙo tana iya samun gogewa a gyara a fesa ba tare da an faɗa maka ba. Ka tsaya daga kusurwa ka kalli ƙofofi a jere, launin ya zama ɗaya, tazarar da ke tsakanin ƙofa da ƙofa daidai take hagu da dama. Ka ɗaga robar bakin ƙofa ka ga ko akwai burbushin fenti a kanta. Mai gyaran jikin mota da ya san aikinsa da tafin hannu ma zai gane, wasu kuma suna da ɗan na'urar auna kaurin fenti. In da hali a jona kwamfutar bincike a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari, zata nuna ko akwai matsalar da aka goge kwanan nan, a wasu motocin ma tana nuna tafiyar da ƙwaƙwalwar motar ta adana daban da ta allo.

Wani abin da ya kamata ka duba tare da mita shine shekarun zama. Ka buɗe ƙofar direba, a jikin ginshiƙin akwai takarda ko ɗan faranti da ke ɗauke da lambar shasi, a motoci da yawa har da wata da shekarar ƙira. Motar da mitarta ke nuna 40 amma ta shekara ɗaya da rabi tana tsaye a fili, ta sha zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 a garin nan, ta sha ruwan damina da ƙura, ita ma tana da nata ciwon. Batir ya yi sanyi, baƙin mai ya tsufa ko ba a yi tafiya da shi ba, robar waifa ta bushe, faifan birki ya yi tsatsa, wani lokaci ɓera ya shiga ya ci waya. In ka samu irin wannan ka sa a cikin sharaɗi a canza batir a juye mai kafin ka ɗauka.

Yanzu takardu, kuma nan ne kuɗin yake. Tambaya ta farko, an taɓa yi mata rajista da sunan wani? In an taɓa sa mata lamba, ko da sunan kamfanin dilan ne, to kai mai na biyu ne, kuma ranar da ka tashi sayarwa haka mai saye zai ɗauke ka, don haka kada ka biya kuɗin sabuwa. Ta biyu, garanti. Yawancin sababbin motocin da wakilan kamfani ke sayarwa a Najeriya suna zuwa da garantin shekara 3 ko kilomita 100,000, duk wanda ya riga cika, wasu kamfanonin sun fi haka. Abin tambaya shine yaushe ya fara ƙirga. Na motar da ba a taɓa sayarwa ba daga ranar da aka miƙa maka ya kamata ya fara, amma na motar gwaji yana iya kasancewa tun ranar da dila ya fara amfani da ita, sai ka ga an cinye maka wata takwas baka sani ba. Ka karɓi littafin garanti ka ga ko an buga hatimi an sa kwanan wata. Ka ɗauki lambar shasi, haruffa da lambobi 17 ne, ka tabbatar wadda ke ƙasan gilashin gaba da ta jikin ƙofa da ta takarda duk ɗaya ce, sannan ka kira babban wakilin kamfanin ka karanta masu su gaya maka ko motar ta hannunsu ta shigo.

Wannan kiran yana da muhimmanci saboda ba duk sabuwar mota ce ke da garanti a ƙasar nan ba. Wadda ɗan kasuwa ya sayo da kansa daga Dubai ko Amurka tana iya zama sabuwa fil, amma wakilin kamfani a nan ba lallai ya karɓe ta a gyaran garanti ba. Wannan ba laifi bane in an faɗa maka kuma farashi ya nuna, laifin shine a ɓoye. Motocin da ake haɗawa a gida, irin Peugeot ta Kaduna ko Innoson ta Nnewi, nasu binciken ya fi sauƙi don kamfanin yana nan kusa. Ka kuma tambayi ina zaka riƙa kai ta sabis, don garanti yana tafiya ne da yin sabis a garejin da kamfani ya amince da shi, in babu a Katsina ka san Kano ko Kaduna zaka riƙa zuwa, ka sa wannan a lissafinka.

Takardun kwastan kuwa mu da muke bakin iyaka bai kamata a tuna mana ba. A Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, saboda haka duk motar da labarinta ya bi ta Maraɗi da Jibiya ko ta Kwangwalam ka buɗe ido sosai, kuma irin wannan doguwar hanya ma tana daga cikin abin da ke tara kilomita a motar da ake kira sabuwa. Ka karɓi kwafin takardar biyan diyuti ka kai ofishin kwastan a tantance maka da lambar shasi kafin ka biya, ba bayan an tare ka a hanya ba.

To idan duk wannan ya yi kyau kuma kana son motar, sai ciniki. Kada ka ce a rage kawai, ka zo da lissafi. Ga yadda ni nake yi, a matsayin misali, mota ta naira miliyan 50, ka ɗauka zata yi maka kilomita 200,000 lafiya, kowane kilomita ya tashi naira 250 kenan. In ta ci 3,000 to naira 750,000 ne mafi ƙarancin abin da zaka nema, kuma daga nan zaka fara hawa sama, saboda kilomitan farko sun fi na ƙarshe tsada, ga watannin garanti da aka ci, ga shekarar ƙira in ta bara ce. A ganina ƙasa da 100 ba abin magana bane, daga nan zuwa 500 a yi maka bayani a ɗan sassauta, wadda ta haura 1,000 ragi na gaske, wadda ta kai dubu uku huɗu kuwa sunanta motar gwaji kuma farashinta daban ne ko mi dila zai ce. In ya ƙi taɓa farashi ka nemi abin da ya fi masa sauƙin bayarwa, sabis biyu ko uku kyauta, sabon batir, kuɗin rajista da lamba, ko inshora. Ka tuna inshorar dole ta motar gida naira 15,000 ce tun Janairun 2023, kada a baka ita a ce an yi maka babbar alfarma, cikakkiyar inshora ita ce abin nema a sabuwar mota. Dillalin da ke tsakani kuma ka san la'adarsa tana ƙaruwa ne da farashi, don haka shawararsa ta a yi haƙuri a biya ka saurare ta da kunne ɗaya.

Duk abin da kuka daidaita a rubuta. Mu mutanen nan muna da kunya, sai ka ji mutum yace ai Alhaji babba ne ba zan ce ya rubuta ba, wallahi rubutu ba raini bane, addini ma ya ce a rubuta mu'amala, kuma ɓoye aibin kaya haramun ne ga mai sayarwa, dila mai tsoron Allah ba zai ji haushi ba. A jikin rasit a sa lambar shasi, lambar inji, kilomitan da ke kan mita ranar miƙawa, a rubuta ƙarara sabuwa ce ba a taɓa rajista ba ko kuma motar gwaji ce, ranar da garanti ya fara, da duk alƙawarin sabis ko batir. Ka biya ta banki zuwa asusun kamfanin, kada ka tura asusun yaron shago, kuma ka samu shaidu biyu. In daga baya ka gano an yi maka rufa-rufa, wannan takardar ce zaka riƙe ka je wajen shugabannin ƙungiyar dilolin mota, ko hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya FCCPC, ko kotu.

Ranar ɗauka ka sake duba ODO ka kwatanta da hoton da ka ɗauka, ka ƙirga makulli biyu, littattafai, safaya, jak da sifanar taya. Ka tuƙa ta kai da bakanike ku hau babban titi ku ɗan miƙa zuwa Batagarawa ku dawo, rediyo a kashe, ka saurari ƙafa, ka sassauta riƙon sitiyari a miƙaƙƙen wuri ka ga ko tana ja gefe, ka taka birki ka ji ko tana rawa, ka kunna AC ka tsaya a rana ka ga ko yana riƙe sanyi. Sabis na farko a motoci da yawa a kilomita 1,000 ake yinsa, don haka in motar ta riga ta wuce wannan a hannun dila ka duba littafi ko an yi an buga hatimi. In ba a yi ba, a juye mai a canza filta a kuɗinsu, a buga hatimin da kwanan wata, sannan ka sa hannu a takardar karɓa.